Yayin adon ɗaki a Yamai: wanne ke jure zafi, ƙura da ɗaukewar wuta

A watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashin siminti, ta tsayar da tan ɗaya a kan jika 55 a birnin Yamai. Matakin ya biyo bayan ambaliyar daminar shekarar, wadda ta shafi mutane sama da miliyan ɗaya, ta kwantar da gidaje masu ɗimbin yawa. Jama'a da dama sun ɗauka tunda siminti ya sauko, to gini da gyaran ɗaki duk za su sauko tare. Wanda ya riga ya kai gininsa rufi ya san lissafin ba haka yake tafiya ba. Siminti bango yake tayarwa. Abin da ke mai da bangon nan wurin zama, wato karo (tayil), fenti, plafon (silin ɗaki), tagogi, fitilu, kujeru da labule, galibinsa daga waje yake shigowa, kuma ragin bai taɓa shi ba.

Ga kuma wayar hannu ta cika da hotunan ɗakuna. A TikTok da Instagram da status na WhatsApp, kowace mai sayar da kaya cewa take nata ake yayi. Wannan ta nuna salon fari fat, ba komai a ciki sai kujera da tukunyar fure. Waccan ta nuna mai ruwan zinariya tun daga labule har ƙafar tebur. Can gefe kuma wasu masu zanen gini na cewa a koma wa ƙasa da tabarma. Magidancin da ke ƙarasa gini a Koubia ko Bobiel, da uwar da ke haɗa wa ɗiyarta kayan ɗaki a Boukoki, tambayarsu ɗaya ce: cikin waɗannan wanne ya cancanci kuɗin?

## Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

In aka ce adon ɗaki, abubuwa uku ake cakuɗawa. Akwai ƙarashen gini, wanda magina ke cewa finisiyon: duk abin da ya manne da ginin, ba a tashi da shi, kamar karo, plafon, taga da wayoyin wuta. Akwai kayan ɗaki, gado da kujeru da armuwar ta ajiye tufafi, waɗanda ake lodawa a mota ranar tashi. Sai kuma ƙawa: labule, darduma, madubi, furanni. Bin yayi a kan ƙawa ba ya ciwo sosai, labulen da aka daina yayinsa da hannu ɗaya ake sauke shi. Karon da aka daina yayinsa kuwa sai guduma.

Akwai kuma sunayen kaya da ake ji kullum a kasuwar Katako da wajen kafintoci. Sitaf, wanda a Najeriya ake kira POP, farin gari ne da ake samu in an gasa dutsen jipsom an niƙa. PVC roba ce marar nauyi da ake yi falle-falle, a jera a sama ko a bango. MDF garin katako ne da aka matse da gam, aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi ko mai kama da itace. Shi ne jikin yawancin gadaje da armuwar na kanti. LED kuwa fitila ce mai ƙarancin cin wuta: ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa.

## Daga jeren ƙore zuwa bangon talabijin

Son ɗaki ya yi kyau ba waya ta kawo shi ba. A ƙasar Hausa ɗakin amarya shi ne inda ake auna ƙoƙarin gidansu. Jere ya fara da ƙore masu zane, ya koma tasoshi da kwalla da ake ɗorawa har kusa da rufi, ya koma tangaran da kuloli cikin kabad mai gilashi. Gado ya tashi daga na ƙasa da na kara zuwa na ƙarfe mai rumfa, zuwa na fomika, yau kuma mai dogon allon kai da aka yi wa soso da yadi. Kowane zamani dattawa sun ce an yi almubazzaranci, kowane zamani kuma iyaye mata sun shiga adashi sun saya.

Abin da ya sauya shi ne saurin juyawar yayin da kuma inda ake ɗauko samfurin. Gadon ƙarfe ya daɗe yana ci. Na yanzu kafin a gama biyan bashinsa wani ya fito. A da, amarya da ɗakin maƙwabciya take gwada nata, ɗakin da rana ɗaya ke dukansu. Yanzu da salon na Dubai ko Istanbul ake gwadawa. Na Dubai an tsara shi a kan cewa ba za a buɗe taga ba, na'urar sanyaya ɗaki kuma ba za ta tsaya ba. Na Turkiyya an tsara shi ne ya riƙe ɗumi, don can sanyi ake gudu.

Yamai kuwa a Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke busa ƙura, gab da ruwan farko kuma ga guguwar da ke rufe gari da rana tsaka. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, da yoyonta da danshinta. Wuta ma ba abin dogaro ba ce. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga Najeriya yake zuwa. An yanke shi a watan Agusta saboda takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, da ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta rage giɓin, amma mazauna birnin sun san yadda ake rabon wuta unguwa-unguwa in zafi ya tsananta. Duk wani yayi da ya shigo, da waɗannan abubuwa zai gamu: zafi, ƙura, danshi, da sa'o'in da fanka ba ta juyawa.

## Hanyar da kayan ke biyowa

Nijar ba ta da teku. Shekara da shekaru mafi yawan kayan da ke zuwa daga Sin, Dubai da Turkiyya a tashar Kwatano ake sauke su, su yi tafiyar kusan kilomita 1,000 ta gadar Malanville da Gaya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, manyan motoci suka koma ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru. Kayan ado kuwa su ne suka fi jin wannan a jika, domin ko dai masu nauyi ne kamar karo, ko masu cin wuri kamar kujeru, ko masu fashewa kamar gilashi.

A ɗaya gefen, faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta sa mai riƙe da sefa ya ga kayan Kano da sauƙi, shi ya sa fenti, katifu, labule da kujerun Najeriya suka ƙara samun shiga. Wannan ne dalilin da kujeru biyu masu kama da juna a hoto za su yi nisa a farashi: ɗaya ta sha teku da ayari, ɗaya ta biyo ta Maraɗi ko Birnin Ƙonni, wata ma a bayan layi aka haɗa ta.

## Plafon: inda ado da zafi suka haɗu

Ba inda yayi ya fi kama mutane kamar sama. Plafon na sitaf mai hawa-hawa, da fitilu a ɓoye a gefe da manyan ƙwayaye a tsakiya, ya zama alamar gidan da aka ƙarasa.

Aikin kansa abin kallo ne. Mai sitaf yakan shimfiɗa mazubi a kan tebur, ya shafa masa mai don kada ya kama, ya zuba kwaɓin, ya barbaza zare mai kama da rama, ya ƙara wani kwaɓin a kai. Cikin ƴan mintuna ya daskare. A ɗaga faifan a jingine ya sha iska. Ranar ratayewa sai a tsoma wani zaren cikin kwaɓi, a ɗaure faifan da shi a jikin ƙarfe ko katakon rufi, a toshe mahaɗa, a goge har ba a gane inda aka haɗa. Ingancin plafon duk yana cikin abin da ido ba ya gani daga ƙasa: yawan zaren, yawan maratayan, da ko an bar faifan ya bushe kafin fenti.

Masu goyon bayansa suna da hujja mai ƙarfi. Sitaf ba ya kama wuta, gara ba ta cin sa, kuma a ƙarƙashin rufin kwano yana tare zafin da kwanon ke watsowa ƙasa. Ɗakin kwano marar plafon da mai plafon ba ɗaya ba ne da azahar.

Amma akwai abubuwan da hoto ba ya nunawa. Sitaf ba ya shiri da ruwa. Ƙusa ɗaya da ta yi sako-sako a kwano ta isa ta fito da tabo mai ruwan ƙasa, in aka yi sakaci faifan ya yi laushi ya rikito, kuma yana da nauyi. Hawa-hawan da ake so yana cinye tsawon ɗaki. Ɗakin da dama can gajere ne, in aka sauko da samansa, zazzafar iskar da ke taruwa a sama ta matso kusa da kan mutane, fanka kuma ta rasa inda za ta ja iska. Sannan filin da ke tsakanin kwano da plafon, in aka toshe shi ruf, zafin yini taruwa yake a ciki, ya yi ta saukowa har tsakar dare. Ƴan ƙananan kafofin iska a saman bango, da raga don hana tsuntsu da jemage, suna gyara wannan da kuɗi kaɗan, sai dai ba kasafai ake tunawa da su ba, don ba a ganinsu daga kan kujera. Haka ma ƙofar leƙawa. Plafon mai fitila 20 yana nufin mahaɗar waya da yawa a wurin da ɓera ke yawo, kuma in babu inda mai gyara zai shiga, sai an fasa.

PVC ya fi sauƙin kuɗi da saurin sawa, yoyo ba ya lalata shi, da tsumma ake goge shi. Rauninsa zafi: marar kauri kan lanƙwashe a ƙarƙashin kwano, in kuma gobara ta tashi narkewa yake, hayaƙinsa na da guba. Ga wanda rufinsa ke yoyo kuma ba shi da halin gyarawa yanzu, PVC ya fi dacewa. Ga wanda rufinsa lafiya lau, sitaf shimfiɗaɗɗe marar hawa da yawa ya fi daɗewa. A duka biyun, gyaran kwano ne ke gaba.

Abin lura a nan: ana haƙo jipsom a yankin Adar, masana'antar siminti ta Malbaza ma na aiki da shi, amma buhunan garin sitaf da ake gani a kasuwa galibi na waje ne.

## Taga

Tsohuwar tagar ƙarfe mai hawa-hawan faranti ana ganin ta tsufa, tagar alminiyom mai gilashi mai zamewa ta maye gurbinta. Kowace da inda ta fi. Ta gilashi ta fi tare ƙura da hayaniya, kuma ita ce ta dace da ɗakin da ake kunna kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Sai dai komai faɗinta rabi kawai take buɗewa, tunda ɗaya ɓangaren kan ɗaya yake hawa. Ta ƙarfe tana shigo da ƙura, amma tana ba da inuwa da iska a lokaci guda, ko da wuta ko babu.

Babban gilashin da ke kallon gabas ko yamma shi ne mafi tsadar kuskure a ginin Yamai. Rana ta ratsa shi, zafin ya shiga ya ƙi fita. Labule mai kauri yana tare haske ne, zafin ya riga ya shigo. Gilashi mai duhu yana ragewa, amma shi kansa yana ɗaukar zafi. Abin da ke aiki shi ne inuwa daga waje: baranda, rumfa a kan taga, ko dogon yaro a gefen da rana ke faɗuwa. Ragar sauro ma tana cikin lissafi, domin tagar da ba a iya buɗewa da dare a damina saboda sauro amfaninta ragagge ne.

## Ƙasa, bango da launi

Fari, toka-toka da ɗan ruwan zinariya su ne launukan da suka fi yawa a hotunan yanzu. Launi mai haske a bango da sama yana da fa'ida ta gaske, yana sa ɗaki ya wadatu da hasken rana. A ƙasa ne abin ya bambanta. Ƙurar Yamai ja-ja ce, farin karo mai sheƙi yana nuna sawun kowa, baƙi ma haka. Karo mai launin yashi, marar sheƙi, shi ke ɓoye ta. Akwai kuma batun santsi. A gidan da ake alwala sau biyar, ga yara, ga tsofaffi, karo mai sheƙin madubi a baranda ko makewayi kyan ɗan maciji ne.

Manyan karo irin santimita 60 a 120 suna rage layukan da datti ke maƙalewa, amma suna son daɓe mai daidaito da gam na musamman. In aka ɗora su a kan ɗigo-ɗigon siminti, ana ƙwanƙwasawa za a ji ƙarar rami, kuma ƙafar gado kan fasa su. Masu aikin kan shawarci mai gida ya ajiye kwali ɗaya, domin zanen da aka saya bana ba lallai a same shi baɗi ba.

Moket, wato kafet da ake shimfiɗawa daga bango zuwa bango, yana tara ƙurar da tsintsiya ba ta fitarwa, abin da ke wahalar da masu asma. Dardumar da ake naɗewa a kakkaɓe a waje ta fi sauƙin sha'ani. Takardar bango da faifan roba masu tudu-tudu da ake mannawa a bayan talabijin suna rufe muni cikin yini ɗaya. A unguwannin da ke kusa da kogi, irin Harobanda, Kirkissoye da Saga da ambaliyar 2020 ta yi wa ɓarna, da ma duk inda bango ke jan danshi daga ƙasa, rufe bango da abin da ba ya numfashi ɓoye matsalar yake yi: gam ya saki, baƙin tabo ya tsiro a baya, kyankyaso ya samu gida.

## Kujeru da gado

A wajen kafinta ciniki yanzu da waya ake fara shi. Mace ta miƙa hoto ta ce, "Malam, irin wannan nake so, sak." Shi kuma ya duba ya ce, "Hajiya, za a yi. Amma wane soso za a sa? Akwai wanda zai kai ki salla biyu, akwai wanda jikokinki za su hau." In ta ce a rage, ya ce araha ba ta ado. In ta matsa, ya rage, amma daga cikin kujerar ragin zai fito: farin katako maimakon ja, soso marar nauyi, ƙusa maimakon haɗi. Daga waje duk ɗaya ne ranar jere.

Shi ya sa masu sanin kan abin ba sa tsayawa kallon yadi. Sukan ɗaga kujerar su ji nauyinta, su kifa ta su ga katakon, su danna soson su ga ko zai dawo nan take. Karammiski, wanda ake yayi sosai, yana da kyau a ido amma yana riƙe ƙura da zafi. Leda mai kama da fata tana ɓarewa in zafi da gumi suka daɗe a kanta. Yadi mai rigar da ake cirewa a wanke ya fi su daɗewa, ko da bai kai su ƙyalli ba.

MDF kuwa yana da santsi da kyan gani, ga sauƙi in an gwada da katako na gaske. Matsalarsa ruwa da tashi. In ruwan mopa ya riƙa taɓa ƙafarsa kumbura yake, ba ya komawa. In aka kwance shi aka sake ɗaurawa sau biyu ko uku, ramukan kusoshin sun buɗe. Ga mai zama a gidansa, a ɗaki busasshe, zai iya daɗewa. Ga ɗan haya da ke tashi lokaci-lokaci, gadon ƙarfe ko na jan katako ya fi riba.

A nan ne ra'ayoyi biyu suka fi karo. Masu cewa a rage tarkace suna da gaskiya a kan ƙura: duk abin da aka ajiye a fili sai an goge shi, kuma ɗaki mai sarari ya fi shan iska. Masu cewa a cika ɗaki su ma ba son nuna isa kaɗai ke jan su ba. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, nata ne ko aure ya yi daɗi ko bai yi ba, dangin miji kuma da ido suke zuwa ranar kai amarya. Ɗakin da babu komai a fili yana bukatar manyan kabad da za a ɓoye komai a ciki, su kuma ba araha ba ne. Tsakanin biyun akwai zaman ƙasa irin na Maroko ko na Larabawa, katifu da matasai a jikin bango. Yana karɓuwa ne don ya dace da yadda ake zama a gidajen nan: a ci abinci a ƙasa, a shimfiɗa abin salla, a karɓi mata ashirin ranar suna, baƙo ya kwana.

Madafa da ke haɗe da salon ba bango, wadda ake gani a hotunan Turai, da wuya ta zauna a gidan da ake suyar kifi, ana daka, ana hura gawayi, kuma uwargida ba ta son baƙin maigida su riƙa kallon ta tana aiki. Masu halin da suka yi ta galibi sun sake gina wata a tsakar gida.

## Masu cewa a koma wa ƙasa

Akwai wani yayin da ya bi ta wata hanya dabam. Mai zanen gini Mariam Issoufou, tare da abokan aikinta, ta gina rukunin gidaje na Niamey 2000 a 2016 da tubalin ƙasa da aka matse da inji aka ɗan haɗa da siminti. A 2018 ita da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma a Dandaji cikin jihar Tawa, inda tsohon masallacin ƙasa ya koma ɗakin karatu aka gina sabo a gefensa. Kafin su, masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas kuma ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013.

Hujjar wannan ɓangare ita ce bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafi, yayin da bulon siminti mai rami, siriri, kan yi zafi da wuri. A cikin ɗaki suna son launin ƙasa, tabarmar kaba irin ta Madawa, tukwanen Boubon, bargon saƙa na tera-tera, matasan fata na Abzinawa, kayan da ake samu a ƙauyen masu sana'a na Wadata da gidan tarihi na Boubou Hama.

Masu ja da su suna nuna damina. Gidajen da ruwa ya rusa a 2020 da 2024 yawancinsu na banko ne, wato ginin laka, kuma tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ma ya faɗi a Satumban 2024. Ga wanda ya taso a gidan ƙasa yana yaɓe duk shekara, siminti shi ne shaidar ya huta. Amsar masu ƙasa ita ce matsattsen tubali a kan tushe mai tsawo, da rufi mai baki da ke kare bango, ba ɗaya ba ne da banko da aka ɗora a kwari. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa masu injin da maginan da suka iya aikin ba su da yawa, saboda haka ba lallai ya zo da sauƙin da ake zato ba. Abin da kowa zai iya ɗauka daga wannan yayi ba tare da rushe gida ba shi ne ɓangaren ƙawa da inuwa.

## Lissafin wuta

Ado da yawa kuɗinsa ba ranar saye yake ƙarewa ba. Kilim mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kimanin wat 1,100 in injinsa na aiki. Awa 8 kowane dare, a wata zai iya kai wa kilowat-awa 260. Fankar sama mai wat 70, a irin wannan lokaci, ba ta wuce 17 ba. Na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwa tana tsakani, ta fi kusa da fanka. Tana aiki sosai a bazara da iska ke bushe, amma a damina danshi kawai take ƙarawa, kuma tana son taga a buɗe. Ko fitilun LED, in suka yi yawa suna taruwa: ƙwai 20 masu wat 7 wat 140 ke nan, cin fanka biyu.

Ma'anar wannan ita ce ɗakin da aka rufe da gilashi, moket da labule mai kauri ya ɗaura wa mai shi faktir ɗin kamfanin lantarki NIGELEC na kowane wata, ga kuma neman janareto ko faifan sola da batir don lokacin da aka ɗauke. Ɗakin da ke da tagogi biyu masu kallon juna da inuwa a waje yana iya zaunuwa da fanka, kuma ƙaramin sola na iya ɗaukar fanka, ba ya ɗaukar kilim.

## Wa abin ke shafa

Mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne tun Janairun 2024, bai kai kuɗin tan ɗaya na siminti ba ko bayan ragin. Ga mafi yawan mazauna birnin, maganar ba ta sitaf ko PVC ba ce, ta ɗaki da salon ce a gidan haya. Ɗan hayan da ya sa karo ko plafon da kuɗinsa ya gyara wa mai gida ne, wani lokaci ma gyaran ya zama dalilin ƙara masa haya. In ba a rubuta yarjejeniyar cirewa daga kuɗin haya ba, gaban shaidu, abin da ya fi masa shi ne fenti, labule, darduma da fitilar da zai kwance ya tafi da ita.

Iyayen amarya su ne ke ɗaukar nauyi mafi girma. A al'ada ango ke samar da ɗaki, gidan amarya su cika shi. Da yayi ya faɗaɗa, cikawar ta haɗa da saitin kujeru, teburin cin abinci, kayan madafa na lantarki, har da fenti da fitilu a wasu gidajen. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan tsadar aure, iyaye mata kuma na cewa ba su za su fara kai ɗiyarsu ɗaki a ga gazawarsu ba. Abin da ake yawan gani shi ne a rage inganci don a cika adadi: saiti cikakke na MDF da soso marar nauyi, maimakon gado ɗaya da kujeru kaɗan masu ƙarko. Bayan ƴan shekaru gyara ko sake saye ya dawo kan ma'auratan.

Masu sana'a kuwa abin ya zo musu da fuska biyu. Aikin sitaf, karo da alminiyom ya buɗe wa matasa hanyar ci, da yawansu a hannun ƙwararru ƴan Togo da Benin suka koya. Tsadar hanyar Lome ta sa masu saye da dama sun koma wajen kafintan unguwa da hoto a waya, shi ma ya samu kasuwa. Sai dai soso, yadi, gam, MDF da hannayen ƙofa da yake aiki da su duk shigo da su ake yi, don haka ribarsa siririya ce, kuma farashinsa na bin ayarin motoci. Masaƙa, masu tabarma da maginan tukwane su ne kayan aikinsu ke nan gida, amma tabarmar roba da bokitin roba sun daɗe da karɓe musu kasuwar yau da kullum. Sabbin masu sayen da yayin komawa ƙasa ya kawo musu galibi otal-otal ne, ofisoshi da masu hali, kuma abin da suke nema shi ne awo daidai, launi iri ɗaya, da oda mai yawa a kan lokaci, abin da mai saƙa ita kaɗai a tsakar gida ba ta iya cikawa sai in sun haɗu ƙungiya.